Tururuwar Kaltume

Kaltume taubashiyata ce, uwata da ubanta ciki ɗaya, saboda haka duk abin da na faɗa a kanta ba mai kai ni ƙara. Ni ce Cima. Tare munka tashi a ƙauyenmu da ke bisa tudu, can bayan Dewle, tare munka yi surfe da ɗaukar ruwa, kuma har yau da haƙoranmu sunka zube ba mu bar zagin juna ba. Ni in ce mata baiwata, ita ta ce mini baiwarta, ba wadda ta taɓa yarda. Gajera ce, mai faɗin tafin ƙafa, ga taurin kai awa jakin da ya ga korama. In Kaltume ta ce a'a, koma gida ka ci tuwonka, magana ta ƙare.

Ungozoma ce. Wurin kakarmu ta gada, tsohuwar da anka haifa cikin aznanci, ba ta kama salla ba sai da furfura ta rufe mata kai. Mu biyu kakar ta so ta koya wa. Ranar farko da ta shiga da mu ɗakin mai naƙuda, ni ina ganin jini na fita da gudu har na bar takalmina, Kaltume kuwa ta matsa kusa tana leƙe. Tun daga ranar aiki ya zama nata.

Na ga an kira ta daga gona ta yar da hauya tsakiyar kunya, na ga an kira ta tana cikin tuƙin tuwo ta miƙa wa maƙwabciya muciya. Ba ta da taushin baki, wannan kam ba zan yi mata ƙarya ba. Mace na kuka bisa gwiwa sai ta ce mata, "Ranar da kika ci daɗin ai ba ki aiko a kira ni ba, yunƙura." Amma hannunta ba ya rawa, kuma in an sauka lafiya ita za ta yanke cibi, ta binne mabiyiya bayan ɗaki, ta kwana bakwai tana zuwa hura wutar ruwan wanka. Rabin garinmu a tafin hannunta sunka faɗo. Limaminmu na yanzu, duk da gemunsa, in ya hango ta sai ya sake hanya, don ba abin da zai hana ta ce masa, "Malam, na san ka tun ba ka da wando."

Da anka ce a bar haihuwa gida a riƙa tahiya likita, ta yi mita har kunnuwanmu sunka gaji. Daga baya ita ce ta zama mai raka mata bisa amalanke, ta zauna baya tana riƙe da su tana zagin mai jaki. Ta karɓi sabuwar reza, ta karɓi wanke hannu da sabulu, har awo ita ke korar masu ciki su tahi. Abu ɗaya ne ba ta sake ba, gwajin nono.

Ga yadda ake yinsa a gidanmu. In mace ta yi haihuwar fari, ba a sa mata jariri a nono sai an gwada. Ruwan farko da ke fitowa, mai kauri, rawaya, shi ne dakashi. A tatsa shi cikin ludayi, a kamo kiyashi a jefa ciki. In kiyashi ya fito da ƙafafunsa, nono na da kyau. In ya maƙale ya mutu, an ce nono na da dafi, sai a riƙa tatsewa ana zubarwa bayan danga har kwana uku, jariri kuwa a ba shi madarar akuya da ruwa kafin farin nono ya sauko. To, kiyashi ɗan mitsitsi, dakashi kuwa kauri gare shi da danƙo. A tsawon rayuwata waɗanda na ga sun fito ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Ba wanda ya taɓa tambayar dalili, ni ma ban tambaya ba.

Husna jikar Kaltume ce, ɗiyar ɗanta. An kawo ta yaye tana tatata, sai tsohuwa ta ƙi mayarwa, ta ce uwar ba ta iya kitso ba. A ɗakinta yarinyar ta girma. Da ta isa aure ta zaɓi Yunusa da kanta, yaro mai hankali, sai dai kamar sauran samarinmu, ana gama girbi ya ɗauki jakarsa ya tahi biɗa Abijan. Ya bar ta da ciki wurin uwarsa Indo. Indo mutuniyar kirki ce, mai sanyin murya, amma irin matan nan ne da in sun riƙe abu a hankali suke riƙewa, kuma ba su saki.

Cikin bazara naƙuda ta tashi, da sanyin safiya. Kaltume ta shafa cikin, ta sake shafawa, sai na ga fuskarta ta canza. Ta ce, "Ɗan ga a gicciye yake. Wanga ba aikina ba ne, a ɗaura jaki." A likitar Dewle ma ma'aikata ba su tsaya ba, sunka kira ambilans, munka ɗunguma mu uku, ni da ita da Indo, har babbar likita inda ake yi wa mata aiki. Kafin rana ta take tsaka an fiddo ɗa namiji, uwa da ɗa duk da rai.

Indo ta yi ta hamdala. Kaltume ma ta yi, amma na san baiwata. Wannan ne na farko cikin jininta da bai faɗo a hannunta ba, wasu ne can bayan ƙofa sunka karɓe shi. Ta zauna bisa benci ta haɗa hannuwa a cinya awa wadda ta zo gidan biki ba a gayyace ta ba. Na ce mata, "To, yau dai an yi ba ke." Ko kallona ba ta yi ba, sai na ji kunyar bakina.

Da anka maido Husna ɗakin masu jego, mai karɓar haihuwa ta wurin, Madam Fa'iza, ta kawo jaririn. Yarinya ce 'yar Madawa, siririya, idanunta duk gajiya. Ta kwance masa zane ta ɗora shi tsirara bisa ƙirjin uwarsa, ta ce a bar shi nan ya nemi nono, sannan ta juya wurin wata. Husna kuwa haihuwarta ce ta fari, ga surukuwarta tsaye, sai kunya ta kama ta, ta kau da kai wajen bango. Indo ta ga jikanta tsirara, ta ɗauke shi, ta naɗe cikin zane uku. Sannan ta buɗe ƙullin kayanta ta fiddo 'yar kwalba. Ashe tun da safe, muna ta kiciniyar ɗaura jaki, ita ta tsaya ta tatsi akuyarta. Madarar nan ta sha zafin amalanke, ta sha na mota.

Madam ta juyo ta gani. Ba ta yi faɗa ba, ta dai dafa kwalbar ta ce, "Inna, don Allah dakata." Ta dubi fuskokinmu, ta gane wadda ke da magana cikinmu, sai ta ja kujera kusa da Kaltume.

Ta ce mata, "Inna, na ji an ce ke ungozoma ce, to ke zan gaya wa. A jikin kowace uwa akwai wasu 'yan halittu ƙanana da ido ba ya gani. Ba na ciwo ba, na kirki. Jaririn da ya biyo hanya yana kwasarsu wurin fitowa, a bakinsa da fatarsa, su shiga cikinsa su zauna. Su ne ke fara koya wa jikinsa ya san abin da zai yaƙa da abin da zai bari. Wanda anka fiddo ta aiki bai biyo nan ba, bai kwashi da yawa ba."

Kaltume ta ɗaure fuska ta ce, "Wato ya fito da naƙasa."

"A'a, Inna. Ba don aikin ba da yanzu wata magana ake, ke kin fi ni sani. Kuma yawancinsu lafiya lau suke girma. Sai dai a watannin farko an fi so a kula da su, don tari da zawo sun ɗan fi saurin kama wasunsu. Kin ga in za a kwantar da madara ta zama nono, ba sai an ɗiga mata ɗan tsohon nono ba?"

"Wannan ko yaro ya sani."

"To shi ɗigon farko ne ya rage masa. Abin da zai cike masa shi ne jikin uwarsa da dakashi. Dakashi na ɗauke da kariyar da uwa ta tara, kuma shi ke ciyar da 'yan halittun nan na kirki har su kafu. Kowane jariri na bukatarsa, wanga ya fi. In kun zubar kunka ba shi madarar da ta sha rana, ina tsoron cikinsa."

Kaltume ta ce, "Shekara arba'in ina zubar da shi."

Madam ta ce, "Uwata ma an zubar da nata." Ba ta ƙara ba, don an leƙo an kira ta, wata na bisa gwiwa. Tana fita ta waiwayo ta ce, "Ni ba ni iya tsayawa bisa kanku, Inna. Jininki ne."

Yaron ya fara juya kai cikin zane yana tsotsar hannunsa. Indo ta gyara riƙo ta ce a hankali, "Inna Kaltume, yarinyar ga ta yi karatunta, ban raina ba. Amma Yunusa ke kika gwada masa, ga shi ya zama mutum. Uban ɗan ga ba ya nan, amana ce a hannuna. A gwada. In ya fito a ba shi, in bai fito ba ga akuya Allah ya hore."

Na dubi Husna. Fuskarta na bango amma hawaye na gangarowa har cikin kunnenta. Ta ji zancen dakashi tun wurin awo, ta gaya mini da bakinta wata rana a bakin rijiya cewa ita so take ta ba ɗanta. To wace sabuwar mai jego ce za ta buɗe baki gaban uwar miji a kan ɗan fari? Magana ta rage ga Kaltume. In ta ce a bar gwaji, Indo za ta ce tsohuwa ta ruɗe, ta ɗura madararta da zarar mun juya baya. In an gwada da kiyashi kuwa, duk mun san ƙarshensa.

Kaltume ta miƙe ta ce, "Za a gwada. Cima, taso ki raka ni."

Raina ya ɓaci, wallahi. Muna fita na fara: "Ke dai ba ki ji, ba ki gani. Yarinya ta zauna ta yi miki bayani awa uwarta, ke kuma..." Ta ci gaba da tahiyarta. A bakin ƙofar likita akwai mai shayi, gindin teburinsa kiyashi ne layi guda suna jan sukari. Na nuna mata da ƙafa na ce, "Ga su nan, kwashi ki je ki kashe." Ta ce, "Idona ba ya ganin waɗanga." Matar da ke zura zare a allura ba ta nemi yaro ba.

Ta wuce can gindin wani bedi, wato dogonyaro, kusa da katanga, ta durƙusa tana tona ƙasa da tsinke. Can sai ga ta ta ɗago da tururuwa, baƙa, ƙatuwa, irin waɗanda ke sace mana hatsi a masussuka su ja ƙwaya guda su kaɗai. Tururuwar ta cije ta a yatsa, Kaltume ba ta saki ba.

Na ce, "Kaltume, wagga ai ko rijiya ta faɗa tana fitowa."

Ta ce, "Rufe mini baki, baiwa. In an tambaye ki, ki ce haka ne."

Munka koma. Ta wanke hannu, ta fiddo ɗan ludayinta, don ba ta zuwa haihuwa ba shi. Ta tatsa a hankali, abin da ya fito bai fi ɗigo kaɗan ba, rawaya, awa man shanu da ya narke. Ta kira Indo ta matso ta gani da idonta. Ta yi bisimilla ta saki tururuwa. Baiwar Allah ta taka cikin dakashi, ta tsaya awa mai tunani, ta ratsa, ta hau bakin ludayi, ta bi mariƙi ta sauka ƙasa ta kama gabanta.

Indo ta bi ta da kallo har ƙarƙashin gado. Ta ce, "Inna, wagga ba ta yi girma ba? Na Yunusa ɗan ƙarami ne kika sa."

Kaltume ko ƙifta ido ba ta yi ba. Ta ce, "Yunusa ta hanya ya zo. Ɗan da anka yi wa babban aiki ba a gwada masa da kiyashi, sai babbar tururuwa. Haka kakarmu ta bar mana. Ko ba haka ba, Cima?"

Kakarmu da ta mutu ba ta taɓa ganin ƙofar likita ba. Na ce, "Haka ne, da kunnena na ji." Allah ya yafe mana mu biyu.

Indo ta yi ajiyar zuciya, fuskarta ta washe, don ita ma ba so take a hana ɗan nono ba, tsoro ne kawai. Ta ce alhamdu lillahi, nonon surukuwarta mai kyau ne. Kaltume ta ce mata ta je ta nemi inda waya ke kamawa ta gaya wa Yunusa ya samu ɗa, ta yi azahar can kafin ta dawo. Tana fita, tsohuwa ta juya kan jikarta.

"Ke kuma, juyo. Kunya ba ta shayar da ɗa. Ba kowa nan sai ni da wagga tsohuwar banza."

Nan na ga Kaltumen da na sani ta dawo. Ta kwance zannuwan nan uku ta yar gefe. Ta naɗe mayafinta ta tokara a gefen Husna don kada ɗan ya danne wurin ɗinki. Ta kwantar da shi tsirara a jikin uwar, ta rufe su da zane ɗaya. Ya yi ta lalube yana kuskurewa, yana ɓata fuska, ita kuma tana tallabe da ƙeyarsa tana yi masa faɗa ƙasa-ƙasa: "Kai, maigida, ka ƙi biyo hanya, ka sa an kwaso tsofaffi cikin mota, yanzu kuma abinci ma sai an roƙe ka?" Ta shafa masa ɗigo a leɓe. Ya tsaya, ya buɗe baki, ya kama. Husna ta sa hannu ta dafa bayansa, ta dube shi sosai karo na farko. Ni dai na ji ƙaunar baiwata ta cika mini ciki har na rasa abin zagi.

Da Madam ta dawo ta tarar yana sha, ta ce, "Inna, yaya kika yi?" Kaltume ta ce, "Aikinki ne fiddowa, nawa ne saura."

Yau yaron yana rarrafe, Mustafa sunansa, ya yi tari sau ɗaya da damina ya warke. Har ya kai wata shida Kaltume ba ta bari ko ruwa an ɗiga masa ba, kullum tana gidan Indo awa an ɗaura mata aure can. Kuma daga kansa duk haihuwar fari a garinmu sai ta zama mai wani dalili. Wannan ya zo da damina, wancan uwarsa doguwa ce, waccan ranar Juma'a ta sauka, kowanne dai kakarmu ta ce sai babbar tururuwa. Ni ce shaida kullum.

Amma abin da ya tsaya mini a rai a ranar nan ya faru. Bayan yaron ya ƙoshi ya yi barci, na neme ta ban gani ba. Na same ta gindin bedin nan, zaune a ƙasa, ta miƙe ƙafafu, tana kallon yatsan da anka ciza. Na zauna kusa da ita. Kaltume ta haifi bakwai, uku ba su kai ga zama ba, zawo ya ɗauke su tun suna cikin zanen goyo. Ba na fari kaɗai anka zubar mata ba, don da na farin ya tahi sai anka ce nononta ne, anka riƙa zubarwa duk haihuwa. Tun muna matasa ban taɓa jin ta ambace su ba, ko sau ɗaya.

Ta ce, "Halidu." Ta murza yatsan. "Alƙasim. Da 'yar macen da ba ta kai suna ba." Ta juyo ta dube ni, idanunta sun yi ja. "Cima, da kakarmu ta kamo babba fa?"

Na so in ce mata kwana ne ya ƙare, kamar yadda ake cewa. Amma Kaltume ba a yi mata maganar rarrashi, tana ganewa. Na ce, "Ban sani ba. Madam ɗin ma in kin tambaye ta ba ta sani ba. Abin da anka ba tsohuwa shi ta ba ki, kuma da so ta ba ki."

Na kama hannunta, abin da ban taɓa yi ba tun muna 'yan mata, ba ta ƙwace ba. Can ta share fuska da bakin zane, ta dafa kafaɗata ta miƙe.

Ta ce, "Tashi mu koma. Yanzu zai farka, kuma ba a bari ya yi kuka kafin a ba shi."